Kalmomi Biyu da Suka Riga Ni Dawowa Makka

Tun da na sauka daga jirgin nan ban ƙara shan shayina da zafinsa ba. Duk la'asar, da zarar na zauna a bakin shagon Sani Tela a unguwar Rusaifa, nan Makka, sai wani ya jawo kujera ya ce, "To Alhaji Isiyaku, yaya Amurkan take?" Na ba da labarin har ya yi tsami a bakina. Kuma kowa inda ake dariya yake so. In na iso inda babu dariya, sai wannan ya tuna bai yi alwala ba, wancan ya ce ana nemansa a gida. Shi ya sa na sayi littafi da biro, zan zuba shi tun daga kai har wutsiya. Bokona dai wanda na tsinta ne a bayan takardun alhazai, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa, ladan nasa ne.

Ni a goye aka shigo da ni ƙasar nan, ta Sudan, uwata tana tafe tana jan akuya. Shekara arba'in na yi ina sayar wa alhazai lema da silifa tsakanin Mina da Muzdalifa. Duniya kaf ta zo ta same ni a inda nake, ni kuwa ban taɓa rama wa kowa ziyara ba, sai bana.

Dalilin tafiyar jikata ce, Safiya, 'yar ɗana Mansur. Tun ranar sunanta nake kiranta amaryata, ita kuma tun da ta iya magana take kirana angon da ba ya cefane. Tana karatun haɗa magunguna a wata jami'a da ke kudancin Amurka, wadda kusan duk ɗalibanta baƙar fata ne irinmu. Saura mata shekara ɗaya ta gama. Sai uban ya ji ƙishin-ƙishin cewa ban da karatu ta shiga wani aiki da ya shafi ciwon nan da ba ma son kiran sunansa. Ya zo ya same ni a unguwar Ka'akiyya ina cin ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, ko zama bai yi ba.

"Ya abuya, babana, halas, magana ta ƙare. Ta tattaro ta dawo."

Na ce, "Kai ka gani da idonka?"

"Ban gani ba, amma an ce."

"An ce ma ni na mutu shekarar da aka yi turmutsutsu, ga ni ina cin ful. Zauna. Gani ya kori ji. Ni zan je in gano. In na dawo na ce da matsala, ka kira ta. In na ce lafiya, ka bar mini amarya ta ƙarasa shekararta."

Ya ce ya yarda, maganata ce hukunci. Karatun yarinya na shekara huɗu aka ɗora a kan harshena, harshen da duk Rusaifa ta san ba shi da linzami.

Wajen neman biza a Jidda wani Bature ya tambaye ni ta bayan gilashi, da Larabcin da ya fi nawa tsabta, me zai tabbatar musu zan dawo. Na ce, "Ɗana, mota ɗaya ce tsakanin gidana da Ka'aba. Kai me ke kusa da gidanku?" Ya yi dariya ya buga hatimi. Tun daga nan na fara ɗaukar kaina gwani, wanda kuwa shi ne farkon ciwon.

Ranar tafiya Mansur ya rubuta wa masu jirgi cewa ni tsoho ne mara ƙarfi, sai ga wani da keken guragu. Na so in yi gardama, amma da na ga tsawon layin da aka tsallake da ni sai na ƙara lanƙwashewa. Mun sauya jirgi a wani gari da ban ga komai nasa ba sai silin. Jirgi na biyu kuwa shi ya rikita mini addini. Muna ta tafiya rana ta ƙi faɗuwa. Na yi azahar, na yi la'asar, na jira magariba har na gaji, na leƙa taga, rana tana nan inda na bar ta kamar mai jiran canji. Na tambayi wani Bamisire da ke kusa da ni, ya ce ai bin ta muke yi. Na ce to Allah ya sa in mun kamo ta mu san abin da za mu ce mata. Abincin jirgi kuma an ƙunshe shi kamar maganin asibiti, cokali ya fi loma girma. Makewayinsu ba buta, ba famfon tsarki, sai takarda. Na shiga da gorar ruwan sha, na fito ina kallon kowa da tausayi.

Da muka sauka, kare ne ya fara yi mini maraba. Ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙi tashi. Wata ma'aikaciya baƙa, kakkaura, mai kama da matar Sani Tela in ta yi fushi, ta sa aka buɗe. Ga dabino, ga yaji, ga kuka, ga kilishin da na sa aka kawo mini takanas domin Safiya. Ta ɗaga ƙullin kuka tana jujjuyawa, ta sa wayarta ta tambaye ni da Larabci mene ne wannan koren gari. Na ce miya ce, in akwai tukunya a kusa in kaɗa mata. Ta shinshina, ta yi atishawa uku, ta mayar mini. Kilishin ne ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na ce wannan ai ya daina zama nama tun bara, ya koma takarda. Ba ta ji ba. Ina kallo aka jefa shi a kwandon shara, karen yana kallona, ni ina kallonsa, kowa ya san wanda ya yi asara.

Ina fitowa na ji an ƙwala, "Angona! Wa ya ɗora ka a keke?"

Na ce, "Kishiyoyinki ne na cikin jirgi, sun ce kada in taka ƙasa. Ke kuma wa ya cinye miki kumatu?"

Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, lulluɓinta tsaf, sannan ta tashi ta ƙwace jakar tana cewa an zo hannu rabbana ko tsinke babu. Rabon da in ji Hausa mai daɗi haka a bakin yaro tun tafiyarta. Sauran jikokina duk Larabci ya cinye su. Ita kaɗai ta zauna gindin kakarta marigayiya ta kwashe harshen.

An sauke ni a gidan kakar ƙawarta. Ƙawar sunanta Tamika. Na ce, "Ta miƙa me? Wa ta miƙa wa?" Da Safiya ta fassara mata, yarinyar ta yi dariya har ta riƙe bango, daga ranar kuma duk abin da za ta ba ni sai ta ce "ta miƙa" da bakinta. Kakar kuwa, Mama Loreta, tsohuwa ce 'yar coci mai hular fulawoyi. Ta share mini ɗakin ɗanta, ta tambayi Safiya ina gabas take, ta matsar da gado da kanta don in sami wurin shimfiɗa darduma. Ta kuma rantse ba za a dafa alade a gidan ba har in tafi, abin da na lura ya sa wani surukinta ya tsane ni.

Da safe ta ba ni wani farin abu na masara, ya wuce kunu bai kai tuwo ba, an tsaya a tsakiya kamar an kira mai dafawar a waya. Amma da rana sai ga kuɓewa, ga ganye kamar na rama, ga wake fari mai baƙin ido. Na ɗaga ƙwaya ɗaya na ce, "Wannan ai waken gidanmu ne. Wa ya kawo muku?" Safiya ta fassara. Tsohuwar ta ajiye cokali ta ce kakanninsu ne suka zo da shi, a jirgin da ba da son ransu suka shiga ba. Na ce mata mu ma a ƙafa muka bar gida, amma mu da niyya muka fito. Ta ƙara mini wake.

Gaisuwarsu ce ta fi ba ni wahala. Kalma ɗaya ce, kuma a tafe ake yin ta. Kafin in kai ga tambayar iyali mutum ya sha kwana. Sai kuma bangonsu: ramin wutarsu ƙafa biyu siraru yake karɓa, abin cajin wayata kuwa mai ƙafa uku ne irin namu na nan. Safiya ta ce za ta sayo mini mahaɗi in ta shiga gari. Na ce ba gaggawa, wa zai neme ni?

Kwana na uku ta ce in shirya, yau zan ga aikin da aka aiko ni leƙen asirinsa. Na sa farar jallabiya na ɗora hula, muka shiga makaranta. Fili ne babba, ana kiɗa, wasu samari sun jeru suna dukan ƙasa da ƙafa suna tafi a cinya, sai ka ce 'yan tauri sun sami takalma. A gefe ƙarƙashin bishiya ga tebur da ƙyalle, da takardu, da kwanon alewa. Tamika na zaune, kusa da ita wani ƙato da ya tare rana. Aka ce sunansa Jamal. Na ce da Safiya ta tambaye shi, Jamal na kyau ko jamal na raƙumi, don a Larabci duka akwai. Ya ce shi dai uwarsa ta ce na kyau, amma kocinsu na ƙwallo yana ganin ɗayan ne.

Na zauna na gyara murya irin ta alƙalai, na ce a yi mini bayani.

Ta ce, "Kaka, akwai magani da mai lafiya ke sha don kada ƙanjamau ya kama shi. Ƙwaya ɗaya a rana, ko allura lokaci-lokaci. Sai an gwada jinin mutum an ga ba shi da ciwon kafin likita ya rubuta masa, kuma yana komawa gwaji a kai a kai. Mu ba ma ba kowa magani, ba mu da izini. Magana kawai muke yi, wanda ya so mu raka shi asibitin makaranta."

"To likitan bakinsa ciwo yake da ba zai yi maganar da kansa ba?"

"Yana yi, ba a jinsa ne. Ciwon ya fi yi wa baƙar fata ɓarna a nan, amma su ne suka fi gudun maganin. An taɓa cutar kakanninsu da sunan magani, ba su manta ba. In mai farar riga ya yi magana sai su ce to, su wuce. Amma in wanda kuke cin abinci kwano ɗaya ne, kuka faɗi jarrabawa tare, ya ce ni ma ina sha, sai a tsaya."

Na tuna yadda alhazanmu na gida suka taɓa gudun ɗigon shan inna, sai da maƙwabci ya ɗiga wa nasa ɗan a gabansu. Amma ban nuna na gamsu ba. Na ce, "Amarya, tsaya. Wannan ba buɗe wa yara ƙofar ɓarna ba ne? Wanda ya kama kansa me zai yi da ƙwayarku?"

Ta ce, "Wanda ya kama kansa, shi ne farkon wanda nake yi wa barka. Amma angona, shekara nawa ka yi kana sayar da lema a Mina?"

"Arba'in."

"Ka taɓa tambayar alhaji ko hajjinsa karɓaɓɓe ne kafin ka miƙa masa? Ko da kuɗin halal ya zo?"

"Rana ba ta tambaya, ni zan tambaya?"

"To. Kuma allurar sanƙarau da ake yi wa kowa kafin hajji, marasa lafiya ake yi wa? Sannan ba kowa ne ke ɗauko ciwon nan da ƙafarsa ba. Wata tana zaune a ɗakinta ake kawo mata."

Nan ta taɓa ni inda ban zata ba. Akwai wata baiwar Allah da muka yi maƙwabtaka a Ka'akiyya shekarun baya, ba zan faɗi sunanta ba. Ko muryarta ba a ji a waje. Mijinta ya rame ya mutu, bayan shekara biyu ita ma ta bi shi da irin ramar. Muka ce sammu ne, muka ci shinkafar sadaka muka watse. Dukanmu mun sani, ba wanda ya furta.

Na yini a wurin ina kallo, Safiya tana raɗa mini fassara. Wata yarinya ta zagaya teburin sau uku kamar mai ɗawafi, ta ɗauki alewa ta tafi, ta dawo. Tamika ba ta ce mata komai game da magani ba, sai ta yaba kitsonta ta tambayi wa ya yi mata. Suka yi ta hirar kitso, can sai na ga murya ta yi ƙasa, kawuna sun haɗu, daga baya suka tashi tare suka nufi asibitin. Samari kuwa wajen Jamal suke zuwa da tsokana, wai raƙumi ya zama malamin asibiti. Shi kuma sai ya zaro 'yar kwalbarsa daga aljihu ya girgiza musu, ya ce ga tasa nan, wa ke da tambaya? Biyu suka yi dariya suka wuce. Na uku ya wuce tare da su, sannan ya dawo shi kaɗai wai ya manta wayarsa. Safiya ce ta koya wa su Jamal yadda ake wannan magana, ita da wata malamarsu. Mutum goma sha ɗaya ta horar. Ina zaune ina jin kaina yana kumbura har hula ta matse ni.

Da na yi shiru a nan, na bari sai na dawo na faɗa wa Mansur baki da baki, da yanzu wani labarin nake rubutawa. Amma daɗi ya kwashe ni. Na zaro waya, saura ɗan jan layi a batir. Na sa Tamika ta ɗauke mu hoto ni da Safiya da Jamal a gaban ƙyallen, wanda ashe sunan ciwon ne rubuce a jiki da manyan baƙaƙe. Na buɗe zauren iyali na waya, na manya, wanda yara ba sa ciki, na danna na yi magana. Ga abin da na ce, ban rage ba ban ƙara ba, don na ji shi ya fi sau ɗari:

"Jama'a salamu alaikum daga birnin Amurka. Ku zo ku raba ni da amaryata Safiya, ta ci amanata! Na same ta tsakiyar shabab, ta kafa tebur tana tallan hubub, ƙarti sai layi suke. Ni dai na saki, sai a nemo mini wata!"

Na tura da hoton, waya ta ɗauke. Na mayar da ita aljihu ina yi wa kaina dariya.

Duk Bahaushen da ya sha nonon Hausa ya ji wannan ya san kaka ne ke wasa da jika, ya kuma san yabo ne. Abin da ban lissafa ba shi ne su wa ke cikin zauren. Matar Mansur da 'yan'uwanta da surukansu duk haihuwar nan ne, kakanninsu ne suka zo. Hausarsu ba ta wuce sannu da ina kwana ba. A cikin duk zancen nan kalma biyu suka gane ban da sunan yarinyar: shabab da hubub. Mu tsofaffi mun saba tsoma Larabci a Hausa kamar gishiri, ba ma ko jin mun sa. Shabab samari ne. Hubub kuwa a bakina ƙwayar magani ce, amma a titin Makka kowa ya san in an ce wane yana harkar hubub, ƙwayar maye ake nufi, irin wadda ake ɗaure mutum a kanta. Wasan duk yana cikin Hausar, Hausar kuwa ba ta shiga kunnensu ba.

Kwana biyu na yi waya a mace, ina yawona. Jamal ya kai ni masallacin Juma'a inda limami ya yi huɗuba da Turanci, na ce amin a inda na ga ana cewa. Mama Loreta ta koyi kaɗa miyar kuka, ta ce tana kama da abin da ake liƙa takarda da shi, amma ta ƙara. Ina ta tsara yadda zan shiga Rusaifa in ba da labari.

Ranar Asabar da hantsi Safiya ta shigo ɗakin ba sallama. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ajiye wayarta a kan gado ta danna, sai na ji muryata tana fita, ina dariya a ƙarshe. Wata 'yar ƙanwar uwarta ce ta turo mata. Saƙon ya fita daga zaurenmu ya shiga na matan unguwa, daga can ya shiga wani, kuma wani ya ɗora masa rubutu da Larabci a sama: ku ji daga bakin kakanta. A wani zauren an ce tana sayar da ƙwaya. A wani, saboda ƙyallen da ke hoton, an ce ita ce ke da ciwon.

Na ce, "Wasa ne fa, amarya. Kowa ya san wasa ne."

Ta ce, "Wa ya sani, Kaka? Da ka yi shi da Hausa zalla, ba wanda zai gane balle ya yaɗa. Da ka yi da Larabci zalla, da ka ji nauyinsa a bakinka ka fasa. Da ka zaɓi harshe ɗaya."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta zaro mahaɗin caji daga jakarta, ashe ta sayo tun jiya, ta sa mini wayar a wuta ta fita.

Da wayar ta farfaɗo na kira Mansur. Na ce masa na gani da idona, aikin alheri ne, yarinya tana nan da mutuncinta fiye da yadda ta tafi, hukuncina ke nan kamar yadda muka yi. Ya ce, "Ya abuya, hukuncinka ai ya riga ya iso." Na yi sabon saƙo da Larabci tsantsa, minti bakwai, ba dariya ko ɗaya, na bayyana gwajin jini da likita da komai. Mutum huɗu suka saurara. Ba wanda ya tura shi ko'ina.

Sauran kwanakin ba ni da abin faɗa a kansu. Safiya ta ci gaba da zuwa teburinta, ni kuma na ce sanyi ya kama ni. Ranar komawa ta raka ni filin jirgi, ta cusa mini maganin gwiwa a jaka ta rubuta yadda ake sha da manyan baƙaƙe. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ranar, in dai gyara abin da zai gyaru. A jirgin dawowa rana ta yi ta faɗuwa da wuri, ban ko kula ba.

Na sauka na fara bin gidaje. Kwana tara ina yi, daga Ka'akiyya zuwa Rusaifa, ina shan gahawar da ba na so. In na fara bayani sai in ga ana murmushi, ana jiran inda zan karkata in ba da dariya. Shekara saba'in ina koya wa mutane kada su ɗauki maganata da gaske, sun kuwa koya, sai a wuri ɗaya tak. Wata tsohuwa ta dafa ni ta ce, "Allah ya saka maka, Alhaji, rufin asirin jika wajibi ne." Malam Buba, wanda ya san wasan jika sarai, ya ce shi tun farko ya gane, amma matarsa ta ce ba a banza tsoho ke faɗin magana ba.

Na koma wajen Mansur na ƙarshe. Ya zaunar da ni, ya zuba mini shayi da hannunsa. Ya ce, "Wallahi na yarda da kai. Na kira malamarta ma, na ji komai. Amma uwarta wata guda ba ta fita ko gidan biki ba. Ƙannenta mata biyu suna makaranta ana nuna su. Maganarka ta farko gida ɗari ta shiga, ta biyu gida nawa? Ba abin da zai kashe wannan sai an gan ta da ido tana tafiya da ƙafarta."

Na ce, "To ta zo hutu a gan ta, ta koma."

Ya ce, "In ta koma, za a ce mun mayar da ita ne don mu ɓoye."

Na ce masa alkawari muka yi. Ya ce ya sani, ya kuma sunkuyar da kai, amma bai janye ba. Ita kuma da ya kira ta ba ta yi masa gardama ba, saboda uwar. Ta roƙi makaranta ta ajiye mata gurbinta, sun ce za su riƙe na wani lokaci, ba har abada ba. Ta damƙa wa Tamika teburin da takardun.

To, masu tambaya, ga Amurka nan. Akwai wake, akwai kuɓewa, akwai mutanen kirki, ba buta. Jirgin Safiya zai sauka Jidda ranar Alhamis bayan azahar. Mansur ya aiko a gaya mini in shirya, za a biyo ta nan a ɗauke ni mu tarbo ta, don ta tambaya ko zan zo. Na ce a ce masa ƙafata ta kumbura ba na iya takawa. Ƙafata lafiyarta ƙalau.